Ƙaramar Guguwar Maganaɗisu da Ƙasar Hausa: Tarihin Awo daga Zariya zuwa Urafane

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littattafan da suka yi bayanin ƙaramar guguwar maganaɗisu, wadda masu rubutu da Faransanci ke ce wa sous-orage, zai tarar sunayen garuruwan da ke ciki na ƙasashen ƙanƙara ne: Tromso, Kiruna, Fairbanks da makamantansu. Dalili a fili yake. Can ne ƙwayoyi masu kuzari ke gangarowa daga sama su kunna hasken nan da ake kira orora, can ne kuma ma'aunin maganaɗisu ke yin tsalle mafi girma. A Urafane, cikin gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, waɗannan ƙwayoyi ba sa saukowa. Layukan maganaɗisun duniya a saman ƙasar Hausa kwance suke kamar azara, ba su tsaya tsaye ba balle su zama hanyar gangarowa, saboda haka samaniyarmu na cikin waɗanda suka fi kowace kariya daga irin wannan ruwan ƙwayoyi.

Duk da haka, wannan maƙala na da'awar cewa ƙasar Hausa na da gurbi a tarihin binciken. Ikwetar maganaɗisu, wato layin da allurar kamfas ke kwanciya daidai ba ta duƙa ba, ya ratsa Afirka ta Yamma ne kusa da digiri 11 arewa, ta wajen Zariya, ba ta kan ikwetar taswira ba. A kan wannan layi akwai wata koramar lantarki a sama wadda ke amsa duk abin da ƙwayoyin suka aikata can nesa, cikin ƴan mintoci. Za mu bi diddigin yadda aka gano ƙwayoyin, da yadda aka gano koramar, sa'an nan da yadda aka fahimci cewa igiya ɗaya ta ɗaure su. A wajen kalmomi, mun kira manyetosfer da "lulluɓin maganaɗisu", mun bar elektaron da furoton da iyonosfer yadda kunne ya saba jin su.

2.0 Ƙwayoyin da halinsu

Tun cikin ƙarni na 19 aka san cewa maganaɗisun duniya kan rikice. Guguwar farkon Satumba 1859, wadda ta biyo bayan walƙiyar da Richard Carrington ya gani a fuskar rana, ta dagula wayoyin tangaraho a Turai da Amurka, an kuma ga orora har Kuba. To amma sanin rikicewa daban, sanin abin da ke kawo ta daban. Mutumin da ya fara ware ƙaramar guguwa daga babba shi ne Kristian Birkeland na Norwe. A 1902 zuwa 1903 ya kafa tashoshi huɗu a Norwe, Aisland, Spitsbergen da Novaya Zemlya, ya lura da wata irin rikicewa mai zuwa farat ɗaya da dare, ta yi awa ɗaya ko biyu ta lafa. Ya ce lantarki ne ke gangarowa daga sama yana bin layukan maganaɗisu. Sydney Chapman na Ingila, wanda maganarsa ce ke da nauyi a fagen shekaru da dama, bai yarda ba, kuma ra'ayin Birkeland ya kwanta har zuwa shekarun 1960, sa'ad da taurarin ɗan'adam suka tabbatar da shi. (Birkeland ya yi shekarunsa na ƙarshe a Masar da Sudan yana nazarin wani hasken sama daban, ya rasu a Tokyo a 1917.)

Zamanin taurarin ɗan'adam ne ya buɗe ƙofa. Explorer 1, da aka harba a ƙarshen Janairu 1958 ɗauke da na'urar James Van Allen, da Explorer 3 da ya biyo shi a Maris, sun nuna cewa akwai ƙwayoyi masu caji da maganaɗisun duniya ya kama ya tsare. Kafin ƙarshen shekarar, awon Sputnik 3 da na Pioneer 3 sun nuna ɗamara biyu ce, ta ciki da ta waje. A 1959 Thomas Gold ya raɗa wa yankin gaba ɗaya suna. A 1961 James Dungey ya kawo bayanin da har yau shi ne ginshiƙi: iskar rana, wadda ke tahowa da gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa, tana ɗauke da nata maganaɗisu, idan wannan ya fuskanci kudu, sai ya ƙullu da na duniya ta ɓangaren rana, iskar ta ja layukan ta kai su baya. A 1965 Norman Ness ya tabbatar daga awon IMP-1 cewa lulluɓin na da doguwar wutsiya ta ɓangaren dare.

A tsakanin nan ne, a 1964, Syun-Ichi Akasofu da ke Alaska ya bayyana tsarin ƙaramar guguwa. Ya yi amfani da hotunan sama da aka tara a Shekarar Nazarin Duniya ta 1957 zuwa 1958, ya nuna cewa orora ba hauka take yi ba: baka ɗaya ke fara haskewa kusa da tsakar dare, sa'an nan haske ya fashe ya bazu zuwa ƙuryar duniya da gabas da yamma, daga baya ya koma yadda yake. Robert McPherron ya ƙara a 1970 cewa kafin fashewar akwai lokacin tarawa na rabin awa zuwa awa ɗaya, inda wutsiya ke miƙewa tana cika da ƙarfi, kamar yadda maharbi ke jan tsirkiya.

Domin a gane abin da ke samun ƙwayoyin a wannan lokaci, sai an tuna cewa ƙwayar da maganaɗisu ya kama motsi uku take yi a haɗe. Tana kewaya layin maganaɗisu da sauri ƙwarai. Tana kai da komowa tsakanin arewa da kudu a kan layin. Tana kuma sulalewa a hankali tana zagaya duniya. A wannan na ukun ne jinsi ke rabuwa: furoton yamma yake yi, elektaron gabas. Da yake cajinsu ya saɓa, tafiyar tasu ta zama lantarki ɗaya mai bin yamma, shi ne zoben lantarki, wanda ke rage ƙarfin maganaɗisu a doron ƙasa. Saurin sulalewar ya danganta da kuzari. A nisan kilomita 35,786, inda taurarin sadarwa ke tsaye, elektaron mai kilo-elektaronbolt 100 kan zagaya duniya cikin kimanin awa ɗaya, mai ninkin wannan kuzari goma kuwa cikin minti goma ko kusa.

Taurarin da aka tsayar a wannan nisa, ATS-1 na Disamba 1966 da ATS-5 na 1969, su suka ga abin da ido. A lokacin tarawa yawan ƙwayoyi kan faɗi ƙasa warwas, saboda layukan sun miƙe sun zama kamar na wutsiya. Da fashewa ta zo sai layukan su ɗosano baya su koma lanƙwasarsu, ƙwayoyi masu zafi su antayo ciki gaba ɗaya. Tauraron da ke daidai tsakar dare zai ga masu kuzari da marasa kuzari sun iso tare; wanda ke gefe zai ga masu kuzari sun riga iso, sauran na biye, kamar ayarin da ya tashi tare amma mahaya suka bar masu ƙafa. Wani lokaci gungu ɗaya kan zagayo ya sake wuce tauraron sau biyu ko uku kafin ya watse. Sherman DeForest da Carl McIlwain ne suka fayyace wannan antayowa a 1971.

Tambayoyi biyu sun daɗe ana ja-in-ja a kansu. Ta farko: ina fashewar ke farawa? Ɓangaren Edward Hones ya ce can cikin wutsiya ne layuka ke tsinkewa su sake ƙulluwa, abin ya taho ciki. Ɓangaren Anthony Lui ya ce kusa da duniya ne lantarki ke katsewa, abin ya fita waje. Domin raba wannan gardama aka harba taurari biyar na THEMIS a Fabrairu 2007. A ƙaramar guguwar 26 ga Fabrairu 2008 sun ga ƙulluwar ta auku a nisan kusan ninki 20 na rabin kaurin duniya, kimanin minti ɗaya da rabi kafin orora ta haske. Lui bai sallama ba, ya rubuta raddi, kuma a ganinmu yana da hujjar cewa guguwa ɗaya ba ta yanke hukunci a kan dubbai. Ta biyu: shin babbar guguwa tarin ƙanana ce kurum, kamar yadda sunan ke nunawa? Haka Chapman da Akasofu suka ɗauka da farko. Tun daga shekarun 1990 ra'ayin da ya rinjaya shi ne cewa abin da ke cika zoben lantarki shi ne daɗewar tunkuɗar iskar rana, ƙananan guguwa kuwa suna aukuwa ko da babba ko babu, sau da dama a yini ɗaya.

3.0 Koramar lantarki: Ibadan da Zariya

Awon maganaɗisu a ƙasar Hausa ya girmi duk wannan. Heinrich Barth da Adolf Overweg sun sauka Tasawa a Janairu 1851, amma wanda aka aiko musamman da kayan awon taurari da na maganaɗisu shi ne Eduard Vogel, da ya iso Kukawa a Janairu 1854, ya kai Zariya a 1855, aka kashe shi a Wadai a 1856. Bayan rabin ƙarni, ayarin Tilho na 1906 zuwa 1909, wanda ya shata iyakar Faransa da Ingila daga Kwara zuwa tafkin Cadi, ya yi irin wannan awo. Sai dai awon matafiyi na yini ɗaya ne a wuri ɗaya, amfaninsa gyaran taswira. Ba ya nuna yadda maganaɗisu ke canjawa daga safe zuwa maraice, balle daga minti zuwa minti.

Abin da ya ja hankali zuwa ikwetar maganaɗisu ya faru ne a Huancayo ta Peru, inda tashar da ta fara aiki a 1922 ta nuna cewa hawan maganaɗisu na tsakar rana ya ninka na sauran wurare fiye da sau biyu. Chapman ya bayyana shi a 1951 da cewa wata siririyar koramar lantarki ce mai bin gabas da rana, a tsayin kilomita 105 ko kusa, faɗinta kimanin kilomita 600. Asalinta shi ne kwanciyar layukan nan da muka ambata. Da yake a kwance suke, caji kan taru sama da ƙasan wannan sashe na iyonosfer, tarin kuma ya sa lantarki ya fi gudu gabas. A ƙasa ana ganin ƙarin nanotesla 100 zuwa 200 da tsakar rana, a kan jimillar da ta haura 30,000.

Da wannan bayani ya fito sai Nijeriya ta zama wuri mai daraja, domin ikwetar ta ratsa ta tsakiya, ga kuma kwalejin jami'a a Ibadan da sashen fiziya. Cyril Agodi Onwumechili ya bi ƙasar daga kudu zuwa arewa da ma'auni a tsakiyar shekarun 1950, ya buga sakamakon a 1959, yana nuna faɗin koramar da ƙarfinta a wannan yanki. Ya ci gaba da wannan aiki kusan shekara arba'in, har ya tattara shi cikin littafi a 1997, bayan ya riƙe shugabancin jami'ar Ife. Abin lura a nan shi ne, wannan na cikin fannoni ƙalilan na kimiyyar sararin sama da ɗan Afirka ya shiga tun suna ɗanye, ba bayan an gama rabon ba.

Ibadan tana kudu da tsakiyar koramar. Zariya kuwa kusan a ƙarƙashinta take. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Oktoba 1962, a 1963 kuma Rosemary Hutton, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a Gana tana nazarin lantarkin da ke gudana cikin ƙasa, ta koma can. Awon Zariya na waɗannan shekaru ya zo a kan gaɓa. A 1967 Pierre Gouin da Pierre-Noël Mayaud, daga bayanan Addis Ababa, suka ba da labarin cewa wasu ranaku koramar kan juya ta bi yamma na ƴan awoyi. Hutton da J. O. Oyinloye suka buga nasu nazari a kan wannan juyawa a Nijeriya a 1970. A lokacin an fi kallon ta a matsayin al'amarin ranakun da sama ke kwance, kuma lalle akasarinta haka ne, iskokin sama ke kawo ta. Sai daga baya aka gane cewa wani kashi nata saƙo ne daga zoben lantarki.

4.0 Daga ƙurya zuwa ikweta

A 1968 Atsuhiro Nishida na Japan ya gwama awon IMP-1 da na tashoshin ƙasa, ya tarar da wani abin mamaki: idan maganaɗisun iskar rana ya yi lilo tsakanin kudu da arewa, ma'aunin ƙuryar duniya da na ikwetar da ke cikin rana suna yin lilo tare, ba jinkirin kirki. Ma'anar wannan ita ce ƙarfin lantarkin da iskar rana ke ɗora wa ƙurya yana zarcewa har ikweta kusan nan take, koramar kuma, da yake ta fi ko'ina sauƙin bi, sai ta ƙara masa murya.

A nan ne ƙwayoyin suka shigo. Yayin da tunkuɗa ta kawo furoton da elektaron kusa da duniya, rabuwarsu gabas da yamma na tara caji a bakin zoben, wannan caji kuma yana haifar da ƙarfin da ke adawa da na farkon. Wato ƙwayoyin da kansu ke gina garkuwa ga ƙananan latitud. Amma ginin na ɗaukar mintoci da dama. Idan tunkuɗa ta ƙaru farat ɗaya, garkuwa ba ta kai ba, sai koramar ta ƙara ƙarfi. Idan kuma tunkuɗa ta yanke farat ɗaya, garkuwa ta yi yawa, ba abin da take karewa, sai koramar ta raunana ko ta juya yamma. Michael Kelley da abokan aikinsa sun bayyana wannan yanayi na biyu a 1979, Takashi Kikuchi da nasa suka danganta shi da ƙananan guguwa a 2003. Akwai hanya ta uku, mai nawa, da Michel Blanc da Arthur Richmond suka bayyana a 1980: zafin da guguwa ke zubawa a ƙurya na tayar da iska a sama, iskar ta gangaro ikweta bayan awoyi, ta rage koramar har yini ɗaya ko biyu. Ban da waɗannan, farkon kowace fashewa kan aiko da wata ƴar girgiza mai tsawon daƙiƙa 40 zuwa 150, wadda ake kira Pi2, ana kuma kama ta a ƙananan latitud sarai. Ke nan ma'aunin da ke Zariya na iya faɗin lokacin da wutsiya ta saki, alhali ƙwaya ko ɗaya ba ta faɗo masa ba.

Matsalar ita ce tasha ɗaya ba ta iya rarrabe waɗannan. Zoben lantarki na rage maganaɗisu a ko'ina, koramar kuwa a ƙarƙashinta kawai take aiki. Sai an jera tashoshi daga kudu zuwa arewa a cire na nesa daga na kusa. (Shi ya sa ma'aunin Dst da Masahisa Sugiura ya tsara a 1964 don auna zoben ya kauce wa ikweta da gangan, tashoshinsa huɗu na yau su ne Hermanus, Kakioka, Honolulu da San Juan.) An yi irin wannan jeri sau biyu a kusa da mu. Na farko daga ƙarshen 1968 zuwa farkon 1970, tashoshi tara a kan kimanin kilomita 3,000, daga Tamanrasset ta Aljeriya, ta Largeau da Bol a Cadi, zuwa Bangi da Binza ta Kwango. Ousseini Fambitakoye na hukumar ORSTOM da Mayaud suka buga nazarinsa a 1976, kuma har yanzu ana komawa gare shi. Na biyu shi ne na Shekarar Koramar Lantarki ta Duniya: tashoshi goma a kan layin digiri 5 yamma, daga Tumbutu, ta Mopti, San, Kutiyala da Sikaso a Mali, zuwa Niyele, Korogo, Katiyola, Tiyebisu da Lamto a Kodibuwa, daga ƙarshen 1992 zuwa 1994, tare da na'urorin auna iyonosfer a Korogo da Wagadugu da Dakar.

Wannan jeri na biyu ne ya taɓa batunmu kai tsaye. Arsène Kobea na jami'ar Abijan, da Richmond da Christine Amory-Mazaudier da wasu, sun ɗauki rikicewar 27 ga Mayu 1993 suka gwama awon Afirka ta Yamma da na ƙasashen arewa, suka buga a 2000, suna nuna zarcewar ƙarfin lantarki da kuma wuce-gona-da-irin garkuwa a saman Mali da Kodibuwa. Vafi Doumouya, shi ma daga Abijan, ya fayyace fasalin koramar daga bayanan jerin. A ganinmu ribar wannan aiki ba ta tsaya ga maƙalun ba. An tsara shi ne da sharaɗin ɗaliban ƙasashen su yi digirinsu da bayanan, aka kuma kafa ƙungiyar GIRGEA a 1995 don ci gaba da hakan. Daga nan ne rukunonin bincike na Abijan da na Kudugu a Burkina Faso suka samo tushe. Jerin Cadi ya bar maƙalu masu kyau, jerin Mali da Kodibuwa ya bar maƙalu da malamai.

Nijar ta faɗa tsakanin jerin biyu, ɗaya ya bi ta gabas da ita, ɗaya ta yamma. Shekarun jeri na biyu kuwa su ne shekarun da jami'ar Yamai ke fama da yajin aiki da rashin kuɗi, tsakanin Taron Ƙasa na 1991 da karyewar darajar sefa ta Janairu 1994. Gab da shigarsu ne kuma ƙasar ta rasa babban masaninta na fiziya, Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya rasu a Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Shi hasken rana da zafinta ya yi wa aiki a ONERSOL, ba iskarta ba. Amma matsayinsa tun littafinsa na 1964 a kan ilimi a Afirka, cewa a koyar da kimiyya cikin harsunan gida, kuma a zaɓi binciken da yanayin ƙasa ya ba mu fifiko a kansa, ya dace da wannan fanni kamar don shi aka faɗa.

5.0 Layin digiri 8 gabas

Mai karatu na iya tambaya ko wannan duka ya shafi wani a nan. Ya shafa ta fuska biyu. Ta farko taurarin ɗan'adam ne. Kano ta riƙe ɗaya daga tashoshin bin sawun kumbon Mercury na Amurka a farkon shekarun 1960, kuma hirar farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi ta tauraro ita ce ta John Kennedy da Abubakar Tafawa Ɓalewa a 23 ga Agusta 1963, ta Syncom 2. Tun daga lokacin talabijin da sadarwa da hasashen damina na Sahel suka rataya a kan wannan nisa na kilomita 35,786, wanda shi ne daidai bakin da ƙwayoyi ke antayowa. DeForest ya nuna a 1972 cewa jikin ATS-5 kan ɗauki caji har bolt 10,000 idan ya shiga inuwar duniya a lokacin antayowa. Elektaron da ƙananan guguwa suka kawo su ne kuma irin da igiyoyin cikin lulluɓin ke ƙara wa kuzari har su iya huda ƙarfe, kamar yadda taurarin Van Allen na 2012 zuwa 2019 suka tabbatar. Irin waɗannan ne suka kashe taurarin Anik E1 da E2 na Kanada a 20 ga Janairu 1994, ba tare da wata babbar guguwa ba. Na farko ya farfaɗo cikin awoyi, na biyu sai bayan watanni.

Ta biyu iyonosfer ɗinmu ce. Ƙarfin da ke tura koramar gabas shi ne ke ɗaga iyonosfer sama. Idan ya ƙaru da magariba sai a samu kumfa a cikinta, kumfar ta tarwatsa saƙon GPS da na rediyo. Idan ya juya sai kumfar ta kasa tashi. Saboda haka guguwa ɗaya na iya dagula daren Maraɗi ta bar na Birazil lafiya, ko akasin haka, gwargwadon ƙarfe nawa ne a kowane wuri lokacin da saƙon ya iso. Ba a iya aro wannan sani daga Peru ko Indiya, domin ƙarfin koramar da yawan kumfa sun bambanta daga wannan layi zuwa wancan.

Bayan 1994 sai da aka jira Shekarar Nazarin Rana ta 2007 kafin sababbin ma'aunai su shigo. Shirin MAGDAS na jami'ar Kyushu, ƙarƙashin Kiyohumi Yumoto, ya kafa tasha a Ilori a 2006, sa'an nan Legas a 2008, daga baya kuma Abuja, da haɗin gwiwar Babatunde Rabiu. Shirin AMBER na Endawoke Yizengaw ya fara a 2008 da Adigrat, Yawunde, Tsumeb da Medea, daga baya ya ƙara Abuja da wasu. Idan aka ɗora waɗannan a taswira za a ga na Nijeriya duk suna kudu da tsakiyar koramar, na arewa kuma ya yi tsalle har Aljeriya.

Ga kuwa yadda garuruwanmu suka jeru. Zariya tana digiri 11, Kano 12, Katsina 13, Maraɗi 13 da rabi, Tasawa ta ɗan haura haka, Mayahi da Urafane suna wajen 14, Agadas 17, dukkansu tsakanin digiri 7 da 8 da rabi gabas, ga tsohuwar tashar Tamanrasset can arewa kusa da digiri 23. Urafane na da nisan kilomita 300 da ɗoriya daga tsakiyar koramar, wato a gefenta na arewa. Wannan gefe ba wurin banza ba ne. A ƙarƙashin tsakiya sashen maganaɗisu na kwance ne ke hawa, na tsaye ba ya motsi sosai. A gefe kuwa na tsaye ne ke kai matuƙa, daga shi ake gane faɗin koramar da inda tsakiyarta ta koma a ranar. Agadas kuma, da ke da kilomita 600 zuwa 700 daga tsakiya, ta fita daga ƙarƙashin koramar, ita ce za ta ba da awon da za a cire daga na Zariya don a ware aikin zoben lantarki.

Abin da tasha ke bukata ba shi da yawa: ma'auni mai sassa uku da ke ɗaukar awo kowace daƙiƙa, agogon GPS, faifan hasken rana da batir, rami mai zurfin mita ɗaya ko biyu don zafin bazara kada ya ruɗi na'urar, da fili nesa da wayoyin wuta da hanyar manyan motoci. Sharaɗin ƙarshen nan ya fi sauƙin cikawa a jigawar Urafane fiye da harabar Samaru ta yau, wadda gine-gine da janareto suka kewaye. Mai wuyar shi ne wanda tarihin jerin Cadi da na Mali ya nuna: mutumin da zai share ƙurar hunturu daga faifan, ya duba batir bayan ruwan Agusta, da kuma yarjejeniyar da za ta ce kwafin farko na bayanan a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ta Zariya zai zauna kafin ya tafi ko'ina.